Mun gama Lost Mine of Phandelver, wane littafi zan saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne mai jan labari a wasanmu na Dungeons & Dragons, wasan da mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma kowa ya taka rawar jaruminsa, mu biyar ne. Mun kammala littafin labarin Lost Mine of Phandelver, jaruman abokan wasana sun kai mataki na 5, yanzu na rasa inda zan sa kaina. Kuɗin littafi ɗaya kacal gare ni.

Raina ya fi kwantawa da Curse of Strahd na 2016, amma daga mataki na 1 yake farawa, su kuwa sun rantse ba za su bar jarumansu ba. Storm King's Thunder ya ba da hanyar shiga daga babi na biyu a mataki na 5, sai dai faɗin taswirarsa ke ba ni tsoro. Sau biyu a wata muke haɗuwa, awa uku-uku, kuma da Hausa nake ba da labarin, ga aikin fassara a kaina.

Wanda ya taɓa kai 'yan mataki na 5 Barovia, ƙasar ban tsoro da labarin Curse of Strahd ke faruwa a cikinta, tsoron bai dusashe ba? Ko in lallashe su su sake sabbin jarumai? Don Allah a taimaka.