Kafin ka sayi injin gudu na motsa jiki (treadmill) wanda aka riga aka yi amfani da shi

Na tattaro shawarwarin da masu motsa jiki a gida suka bayar da muka zauna hira, kuma bakinsu ya zo ɗaya: kada ka biya sai ka hau. Ka yi tafiya da gudu na minti 15, kana sauraren ƙarar injin. In bel ɗin, wato shimfiɗar da kake takawa, yana zamewa ƙarƙashin ƙafarka, ko ka ji ƙaurin ƙonewa, ka haƙura. Ka kashe shi ka zura hannu ƙarƙashin bel; in ya bushe ƙayau, an daɗe ba a sa masa mai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Wanda aka kawo daga Amurka na bolt 120 ne, tamu kuwa 230, sai da taransifoma. Ƙaramin janareta ma da ƙyar yake ɗaukarsa.