Wa ya taɓa kafa allon jifsam da hannunsa a gida?

Baban Walid, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Falona na saman bene yana da tsawo, ina so in yanke gefe guda in fitar wa yara da ɗakin karatu. Bulo zai yi wa dakin, wato simintin da ke ɗauke da benen, nauyi, ga fasa tayil. Na zaga Kofar Ruwa na ga allon jifsam, farin allon nan mai takarda gaba da baya da ake yin bango da sili da shi, mai ƙafa 4 da 8, kuma ina ɗan taɓa aikin hannu. Don Allah waɗanda suka taɓa yi da kansu su faɗa mini abin da suka gani, daɗi da wuya.

Abu Hanif, Kaduna

Wa'alaikumus salam. Na yi irinsa ni da ƙanena, kuma yana nan daram. Malam, kafa allon ba shi ne aikin ba, ƙarafan da zai hau su ne aikin. Ka fara ja layi a ƙasa, ka sa awon ruwa ka ɗaga layin zuwa sama, don na sama da na ƙasa su kalli juna. In suka saɓa ko da kaɗan ne, bangon zai fito a karkace, kuma babu kwaɓin da zai gyara shi. Ƙarafan tsaye mun jera su a tazarar santimita 40. Wasu na yin 60 don rage kuɗi, amma inda yara za su riƙa jingina gara 40. Faɗin allon santimita 120 ne, ka ga ko wanne ka ɗauka bakinsa zai faɗa a tsakiyar ƙarfe.

Yankansa kuwa ba ya buƙatar zarto. Ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe, ka tsaga takardar fuska da wuƙa mai kaifi, ka ɗan danna daga baya, sai ka ji ƙas ya karye a kan layi, sannan ka yanke takardar baya. Wajen ɗaure sukuru ne ake son natsuwa: kan ya ɗan nutse kaɗan, amma kada ya fasa takardar. Da zarar ya fasa, ya daina riƙewa, sai ka sa wani a kusa da shi. Tsakanin sukuru da sukuru kamar santimita 30. Ka ɗauki allo mai kaurin milimita 12 don bango, mai 9 ya yi laushi.

Maman Ilham, Zariya

Ni ba ni na kafa ba, maigidan ne da yayana suka yi mana silin ɗaki, amma ni na sha sharar. Kada a raina nauyin allon nan, guda ɗaya ya haura kilo 20, kuma riƙe shi sama da kai daban ne. Sai da suka haɗa katako biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye a kansa, suka tokare allon kafin su samu hannun ɗaurewa. Abin da nake roƙo shi ne a kula da ƙurar samfefa. Fara ce fat, ta fi gari laushi, har cikin kwanukan da ke rufe na same ta. Baban Walid, ka fitar da yara daga sashen, ka toshe ƙofa da leda, ka sa takunkumi, musamman in akwai mai asma a gidan.

Malam na Maraɗi

Ni fa ban goyi baya ɗari bisa ɗari ba. Gidan da na kama haya an yi masa silin da shi, mu nan plako muke cewa. Damina ɗaya kwano ya yi yoyo, wurin ya yi tabo ruwan ƙasa, ya kumbura, ya yi ciki, wata rana da asuba ya zubo. Wanda ya yi aikin kuma da katakon da ba a shafa wa magani ba ya yi, da muka leƙa gara ta cinye shi har da takardar bayan allon. Duk mai son yin sili ya fara hawa ya duba rufinsa.

Abu Hanif, Kaduna

Gaskiya ne Malam, shi da ruwa ba sa ga maciji. Shi ya sa ba a zaunar da shi a ƙasa, ana ɗaga shi kamar santimita 1, don ruwan goge-goge kada ya hau. Kusa da banɗaki ko kicin akwai mai koren takarda, ya fi jure laima, amma shi ma ba a sa shi inda ruwa ke dukansa kai tsaye.

Baban Walid, Kano

Allah ya saka da alheri. To ya ake ɓoye mahaɗar? Na shiga wani ofis na ga layukan sun fito ɓaro-ɓaro ta cikin fenti.

Yaya Sani, Amurka

Nan ne ake gane gwani, ɗan'uwa. A nan kusan duk bangon cikin gida da shi ake yi, masu gida da yawa su suke gyara abinsu, ni ma a ɗakin ƙasa na gidana na koya. Shafe uku ake yi. Na farko ka shimfiɗa kwaɓin da ake cike mahaɗa da shi a mahaɗar, ka manna tef ɗin takarda, ka matse da ƙarfen shafe har iska ta fita. In iska ta maƙale a ƙarƙashi, sai ya tashi bororo bayan fenti. Ka bar shi ya bushe sarai, wanda ake sayarwa a bokiti yakan ɗauki kwana guda. Na biyu ya fi na farko faɗi, na uku ya fi na biyu, kowanne siriri, bakinsa ya ɓace a jikin allon. Masu gaggawa kan lafta da kauri sau ɗaya, shi ne yake tsagewa, kuma shi ne yake jawo ƙurar da Maman Ilham ta yi kuka da ita, don sai an ci shi da samfefa sosai.

Dabarar da ta fi yi mini amfani: da dare ka kashe wuta, ka manna tocila a jikin bangon, hasken ya bi shi a kwance. Duk tudu da rami za su yi inuwa, ka zagaye su da fensir ka gyara. Sannan kada mahaɗa ta faɗo daidai kusurwar ƙofa, nan take fara tsagewa saboda bugun ƙofa. Ka yanke allon ya zagaye kusurwar. Kafin fenti kuma a yi shafen farko na share fage, domin takarda da kwaɓi ba sa shan fenti daidai, abin da ka gani a ofis ɗin ke nan.

Ɗan Katsina

Ƙari a kan na Yaya Sani: da hunturu na yi nawa, iska busasshiya, kwaɓin gari yana ƙamewa a roba tun ban kai rabi ba. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa kwaɓawa, ka wanke robar kafin sabon kwaɓi.

Mai Wayarin, Jos

Sana'ata ce wuta, kuma ni ake kira bayan an rufe. Baban Walid, ka rufe fuska ɗaya kawai, a ja waya cikin bututu, a kafa akwatunan soket, a gwada, sannan ka rufe ɗayar. Na taɓa tarar da sukuru ya huda waya a cikin bango, ƙarafan gaba ɗaya suna jan mutum. Wannan ɓangaren kada ka yi da kanka. Fanka kuma ba a rataye ta a jikin allo, ƙugiyarta daga dakin ko katakon rufi take fitowa. In akwai inda za ka rataye talabijin ko kantar littattafan yara, tun yanzu ka ɗaure faffaɗan katako mai magani tsakanin ƙarafan a daidai tsayin, ka ɗauki hotonsa da waya tare da awo kafin ka rufe, don ka san inda za ka huda daga baya.