Ziyarar tsibirin Sisili: ta wane ɓangare ya kamata a fara?

Bilkisu:
Assalamu alaikum. Ina shirin ziyartar tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, amma lokacin da nake da shi ba zai ishe ni in zagaya shi duka ba. An ce mini in zaɓi ɗaya, ko yamma wajen Palermo, ko gabas wajen Catania. Babban abin da ya ja hankalina shi ne tarihin Musulmi, domin na karanta cewa sun mulki tsibirin sama da shekara 200. Shin akwai abin da ya rage na wancan zamani da mutum zai gani da idonsa? Kuma wane lokaci ne ya fi dacewa da tafiyar? Allah Ya saka da alheri.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Waɗanda suka ce ki zaɓi ɓangare ɗaya sun faɗa miki gaskiya. Sisili shi ne tsibiri mafi girma a Tekun Bahar Rum, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 25,000, kuma mutanensa sun kusa miliyan 5. Siffarsa mai kusurwa uku ce. Mashigin Messina, wanda a mafi ƙuncinsa bai wuce kilomita 3 da 'yan kai ba, shi ne ya raba shi da sauran Italiya, sannan daga yammacinsa zuwa gaɓar Tunisiya kimanin kilomita 150 ne kacal. Wannan kusanci ne ya sa tarihinsa ya haɗu da na Arewacin Afirka.

Tunda tarihin Musulmi kike nema, yamma za ki nufa. A shekarar 827 ne rundunar Aglabawa, sarakunan Musulmi da ke mulkin Tunisiya a lokacin, ta taso ta sauka a garin Mazara da ke yammacin tsibirin, ƙarƙashin jagorancin Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan wanda ya yi karatu a wajen Imamu Malik. Palermo ta faɗa hannunsu a 831, Siracusa a 878, Taormina kuma a 902. Lokacin da matafiyi Ibn Hauƙal ya ziyarci Palermo a ƙarni na 10, ya ba da labarin cewa masallatanta sun kai 300.

Sai dai gara ki sani tun yanzu cewa ba za ki tarar da waɗannan masallatai a tsaye ba. Turawan Norman sun ƙwace tsibirin tsakanin 1061 da 1091, daga baya kuma, a ƙarni na 13, Sarki Frederick na Biyu ya kwashe Musulmin da suka rage ya kai su garin Lucera a cikin Italiya. Abin da za ki gani shi ne aikin da magina da masassaƙa Musulmi suka yi wa sarakunan Kirista. A fadar sarki da ke Palermo akwai majami'ar Cappella Palatina ta zamanin Sarki Roger na Biyu, wadda rufinta na katako aka sassaƙa shi da irin adon gine-ginen Musulunci, da rubutun Larabci a jikinsa, alhali bangonta na ɗauke da zanen addinin Kirista irin na Rumawa. A ganina, ko wannan rufi kaɗai kika gani, tafiyar ba ta tashi a banza ba. A fadar Roger ɗin ne kuma masanin labarin ƙasa Idrisi ya kammala shahararriyar taswirarsa ta duniya a 1154. Ki je fadar Zisa, inda ake ajiye kayan fasahar Musulunci, da wani dutsen kabari na ƙarni na 12 mai rubutu iri huɗu. A ƙofar babbar majami'ar birnin kuma, wadda a da masallacin Juma'a ne a wurin, ki nemi ginshiƙin da aka zana ayar Alƙur'ani a jikinsa. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan gine-gine, tare da majami'un Monreale da Cefalù, cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Hajiya Rabi:
Ban ƙi ta Malam ba, amma ina ganin bai yi wa gabas adalci ba. 'Yar'uwa, a can ne dutsen Etna yake, mai aman wuta har gobe, wanda tsayinsa ya haura mita 3,300, kuma a lokacin sanyi ƙanƙara takan rufe ƙololuwarsa yana ta fitar da hayaƙi. Ana hawa da mota har wajen mita 1,900, daga nan a shiga keken igiya a ƙara sama. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutane suka zauna a gindinsa suna noman lemo da inabi, saboda tokarsa ta sa ƙasar albarka, duk da cewa a 1669 narkakken dutsen ya gangaro har ganuwar Catania. Girgizar ƙasa ta 1693 ta rushe garuruwan kudu maso gabas, shi ya sa Noto da Catania suke da gine-gine masu salo ɗaya, domin bayan wannan musiba aka sake gina su.

Siracusa ma ba ta rasa abin da kike nema ba. Girkawa ne suka kafa ta tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma babbar majami'arta an gina ta ne a kan wurin bautar Girkawa, har yau ginshiƙansa suna nan cikin bango, sannan ginin ya taɓa zama masallaci.

Usman:
Ni zan amsa batun lokaci da abinci. Ki guji Yuli da Agusta, domin iska mai zafi takan taso daga Sahara, har ma a Agustan 2021 an auna zafin da ya kai maki 48.8 a ma'aunin Celsius kusa da Siracusa. Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba da Oktoba, sun fi sauƙi. Tsakanin Palermo da Catania kimanin kilomita 200 ne, kuma sau da yawa motar bas ta fi jirgin ƙasa sauri.

Gadon Larabawa ya fi bayyana a gona da tukunya, domin a zamaninsu ne noman rake da lemo ya bunƙasa, tare da hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da har yanzu ake iya shiga wasu a Palermo. A Trapani ana cin kuskus da miyar kifi, kuma garin San Vito Lo Capo yana yin bikin kuskus duk Satumba. Ki riƙa tambaya kafin ki ci, saboda akan sa naman alade a miyar taliya, kuma bisa al'ada da kitsensa ake yin ɓawon cannoli, wani kayan zaƙi nasu. Kifi da kayan lambu suna da yawa, ba za ki rasa abin ci ba.

Bilkisu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na yanke shawarar sauka a Palermo. Malam Habibu, daga can zan iya zuwa Mazara in dawo a yini ɗaya?

Malam Habibu:
Za ki iya, idan kika yi sammako. Gari ne na masunta, kuma a tsohuwar unguwarsa mai ƙananan lunguna, wadda ake kira Kasba, akwai 'yan Tunisiya da yawa da ke aiki a jiragen kamun kifi. Ga wannan gari ake danganta Imamul Mazari, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1141. Idan kuma kina da sauran yini, ki ba Agrigento, inda wuraren bautar Girkawa na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa suke jere a kan tudu. Ki je da safe ko da la'asar, domin wurin ba shi da inuwa sosai.