NAS ɗin maktab ya ƙi tashi bayan an sauke wuta, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Hanifa (Misfala, Makka)
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masana harkar kwamfuta ku matso. Muna da NAS, wato akwatin ajiyar bayanai da ake jonawa a netwok, a maktab (ofis) ɗinmu na hidimar masu Umara, mai cin diski huɗu, tun wajen 2014 aka saye shi kuma dare da rana a kunne yake, duk kwafin fasfo na baƙi da takardun otal da lissafin motoci a ciki suke. Shekaranjiya masu gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) suka sauke wutar benen gaba ɗaya, da suka mayar komai ya tashi banda shi. In ka danna maɓalli fanka za ta juya, shuɗiyar fitila tai ta ƙiftawa, sai kaji diskokin sun yunƙura kamar za su tashi, tik tik, sai su koma su yi shiru, haka yake ta yi. Yaron da ke mana aikin kwamfuta yace mu ciro diskokin mu jona a kwamfutar maktab mu kwashe kayan, ni dai gabana ya faɗi nace a dakata tukuna. Wanda ya taɓa gani ya faɗa mana yadda ya ƙare da nashi.

Muhandis Abu Ammar (Jidda)
Wa alaikumus salam Alhaji. Gara da ka dakatar da shi. Windows bata iya karanta waɗannan diskokin, tsarin Linux ne a kansu, abin da za ta yi kawai ta tambaye ka ko a yi musu fomat, yaro ya danna eh cikin sauri shikenan an shiga wani babin. Kafin komai kashe shi ka cire daga soket, ka samu maka ka rubuta 1, 2, 3, 4 a jikin kowane diski yadda suke a jere.

Yadda ka kwatanta ɗin nan nafi zargin adafta. Irin wannan ya sha zuwa shagona, kuma kusan labarin iri ɗaya ne, na'ura ta shekara da shekaru tana aiki lafiya sai ranar da aka kashe ta sannan ta ƙi dawowa. Dalili shine diski babba in yana juyawa abinsa wuta kaɗan yake ci, amma lokacin tashi kowane ɗaya yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12, guda huɗu kaga an doshi 8 kenan, adaftan irin naka kuma yawanci bolt 12 ne amfiya 8.33, wato wat 100. Yana sabo zai ɗauka ba matsala, in kafasitocin cikinsa, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun bushe sai ya iya riƙe su suna tafiya amma ya kasa tada su, kamar tsohon batirin mota da zai kunna maka rediyo amma ya kasa juya inji.

Gwajin da zaka yi, zare diskokin DUKA ka kunna shi babu komai a ciki. In ya tashi yayi ƙara ya bayyana a netwok toh bod ɗin lafiyarsa ƙalau. Amma dan Allah kar ka kunna shi da biyu ko uku a ciki don gwaji, zai ɗauka sauran sun mutu ne ya ɓata maka RAID ɗin, wato tsarin da ya haɗa diskokin suke aiki tare.

Ɗan Jami'a (Madina)
Nawa mai diski biyar ne kuma shi fawa saflai ɗinsa a ciki yake ba adafta ba. Wani babban yayanmu da ya gama karatu ya koma Kano ya bar min shi, cike da darussan malamai na Harami da muka yi shekaru muna ɗauka da littattafai. Ni nawa tun kafin ya mutu ya fara bada alama, yakan kashe kansa da rana tsaka musamman lokacin zafi, in ya huce ya dawo. Da ya tsaya gaba ɗaya na kai wa wani mai gyaran talabijin ɗan Pakistan, ya buɗe ya nuna min kafasita biyu kansu ya kumbura ya yi tozo, ɗaya har wani abu ruwan ƙasa ya fito ya bushe a samansa, ga ƙura ta toshe ƙaramar fankar kamar an cusa auduga. Ya canja su duka harda waɗanda basu kumbura ba, yasa masu jure zafin 105°C, ya like da dalma, har yau yana aiki.

Abu ɗaya da ya ja min kunne akai, fulogin da ke zuwa bod ɗin kamarsa ɗaya da na kwamfutar tebur mai fin 24, nace toh me zai hana mu sayi na kwamfuta mu jona, yace a'a wasu kamfanonin sun sauya wayoyin ciki, inda kake zaton babu komai sai ka tarar bolt 12 ne, dole sai an bi waya ɗaya ɗaya da mita.

Muhandis Abu Ammar (Jidda)
Gaskiya ya faɗa maka Malam. Kuma wanda bai iya ba kar ya buɗe fawa saflai da kansa, babban kafasitan nan yana riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare daga soket. Maganar zafi kuwa ƙa'ida ce sananniya, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar irin wannan kafasitan biyu, toh ka auna Makka da ke wuce 45 a bazara, a kulle maktab ranar Juma'a a kashe mukayyif a bar NAS a ƙarƙashin tebur adafta kwance kan kafet.

Maman Walid (Riyad)
Allah sarki Baban Hanifa na san tashin hankalin nan. Ni bidiyon biki da suna nake ɗauka ɓangaren mata, nawa ƙarami ne mai diski biyu. Muna tashi daga wani gida zuwa wani kaya suka cakuɗe, Walid garin taimako ya ɗauki cajar laftof ya soka masa tunda bakin ya shiga daidai, ashe ita bolt 19 ce, wallahi kafin in juyo daga kicin ƙauri ya cika ɗakin. Bikin mutane guda ban basu ba yana ciki, daren nan ko barci ban yi ba. Maigidan ya kai kasuwar kwamfuta ta Ulayya, mai gyaran yace akwatin kam ya tafi, amma a bod ɗin kowane diski akwai wani ɗan ƙaramin diyod da aka sa musamman don ya ƙone ya kare sauran, ya cire na ɗaya daga ciki diskin ya tashi, ɗayan bai dawo ba. Abin da ya cece ni biyun abu ɗaya suke ɗauke da shi, RAID 1 yace sunansa. Ya jona shi a kwamfuta mai Ubuntu, wani nau'in Linux, ya kwashe min komai a wani diskin. Yanzu duk wata caja a gidan nan da takarda manne a jikinta.

Muhandis Abu Ammar (Jidda)
Hajiya kin tsallake rijiya da baya. Alhaji wannan ya shafe ka kai tsaye, domin masu diski huɗu yawanci bakin adaftansu zagayayye ne mai fin huɗu, kuma in ka zaga shagunan titin Khalid bin Walid nan Jidda ko ka duba shafin saye da sayarwa na Haraj zaka samu masu wannan bakin da yawa, amma ba duka jerinsu ɗaya ba. Wani biyun dama ne ke da wuta, wani biyun sama, wani ma 12 da 5 ne a haɗe na tsofaffin akwatunan diski. Akwai ɗan zane a bayan adafta da ke nuna wane fin ne me, ka tafi da tsohon a hannu a gwada zane da zane, sannan mai shago ya auna sabon da mita a gabanka kafin ya taɓa na'urar.

Ɗan Mai Wurno (Jidda)
Mu da muka yi shagon buga takardu a Wad Madani wuta ta koya mana karatu, a ɗauke a kawo, a koma janareto, adafta baya daɗewa. Abin da ya kawo min sauƙi UPS ne, wato akwatin batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, mai wayar USB, ka jona shi da NAS ɗin in wuta ta tafi shi da kansa zai rufe komai a hankali ya kashe. Da na taho da NAS ɗina nan nayi ta tunanin ko zai yi, tunda Sudan 50Hz ne nan kuma 60, ashe a jikinsa an rubuta 100-240V 50/60Hz, ba ruwansa. Inda ake samun matsala tsofaffin fawa saflai masu jan makunni a baya na 115 da 230, kuma kun san tsofaffin gidajen nan har yanzu akwai masu soket na 127 da na 220 a ɗaki ɗaya duk da tun 2010 gwamnati ta yanke a koma 230. Na ga maƙwabcina ya sayo na gwanjo makunnin yana kan 115 ya soka a 220, ƙarar sai da yara suka fito.

Abu Fahad (Dammam)
Ni fa ban ga amfanin wahala da abin da ya wuce shekara goma ba. Ku sayi sabo kawai, in kamfani ɗaya ne yawanci zaka mayar da diskokin a jere ya karɓe su da kayansu. Yau adafta gobe fanka jibi bod, kuma irin waɗannan kamfanin ma ya daina aiko musu da sabuntawa, ga fasfo ɗin mutane a ciki.

Baban Hanifa (Misfala, Makka)
Muhandis Allah ya saka da alheri. Mun zare duka huɗun mun kunna, ya tashi yayi ƙararsa. Na aika yaro Jidda da tsohon adaftan, mai shagon ya auna shi ya nuna 12 daidai har yana cewa lafiyarsa ƙalau, na kira ka kace a sayo dai, da muka jona sabon diskokin suka tashi gaba ɗaya fitilu huɗu kore. Yanzu haka kwafi ake yi zuwa wani diski na waje. Abu Fahad maganarka na kan hanya, zan kai wa mai maktab ɗin, amma sai bayan Ramadan in cunkoso ya ragu.

Muhandis Abu Ammar (Jidda)
Alhamdulillah. Mita za ta nuna 12 ai tunda babu kaya a kansa, sai diskoki sun ja sannan yake zubewa ƙasa da 11.4 ya yanke. Ka bar kwafin ya gama kafin kowa ya sake kashe shi, sannan ka shiga wajen lafiyar diski ka duba SMART na kowanne, wato rahoton da diski ke bayarwa kan lafiyarsa, tunda sa'annin adaftan ne su ma.

Ga masu karantawa daga baya, ba kowace shuɗiyar fitila mai ƙiftawa ce adafta ba. Akwai NAS na wajen 2014 da 2015 masu furosesa Intel Atom C2000, irin su C2538, da a farkon 2017 aka bayyana suna da lahani a cikin furosesan, in ya kama su basa tashi ko da diski ko babu, ko ka sa sabon adafta. Masu gyara na like musu rezisto mai om 100 a bod su farfaɗo, amma wannan na a samu a kwashe kaya ne.

Ɗan Jami'a (Madina)
Muhandis wani abokina ke tambaya, adaftan nashi amfiya 5 aka rubuta amma mai 7 ya samu, zai ƙona masa?

Muhandis Abu Ammar (Jidda)
Ba zai ƙona ba, na'urar iya abin da take buƙata take ja, mai 7 ɗin ma zai fi yin sanyi. Wanda ya gaza 5 ne ba a so. Bolt ɗin dai ya zama 12 cif, kuma ya duba zanen bakin, in na tsohon tsakiya ne ke da alamar + toh sabon ma haka. Ya turo min hoton bayan duka biyun in gani kafin ya jona.