Wace kalma za mu ba "active travel" a Hausa?

Jama'a, a kawo ɗauki. Masu tsara birane a Birtaniya suna da abin da suke kira active travel: mutum ya je makaranta, kasuwa ko tashar jirgin ƙasa da ƙafarsa ko a kan kekensa. Ba su ɗauki zancen da wasa ba. Yankin Wales ya yi masa doka tun 2013, ya wajabta wa ƙananan hukumomi zana taswirar hanyoyin ƙafa da na keke, su kuma riƙa inganta su. Ingila ta kafa masa hukuma sukutum a 2022, ta ɗora Chris Boardman, tsohon zakaran tseren keke, a kanta. Mu fa, me za mu ce? Wasu sun riga sun kawo shawarwari, ga amsata a kansu.

Malam, na ga shawararka ta "tafiyar motsa jiki". Da girmamawa, ban karɓa ba. Duk Bahaushen da ya ji motsa jiki, wanda zai faɗo masa a rai shi ne Alhajin da likita ya ce wa ya rage tumbi, ya sa kambas yana zagaye unguwa bayan asuba. Ba shi ake nufi ba. Ana nufin yarinyar da za ta tsallaka titi mai hannu biyu da allonta, da magidancin da ya ɗaure buhun masara a bayan keke. Ranar da kalmar nan ta shiga takardar kasafi a matsayin motsa jiki, filin atisaye za a gina, masu tafiyar kuma a bar su suna rabon kwalta da tirela.

"Sufuri marar inji" ya fi kusa, Hajiya, amma ya kwaso jaki da amalanke da kurar mai ruwa, ya bar keken lantarki a waje, alhali su can suna lissafa shi muddin sai an taka feda.

Mai cewa "taka sayyada", Allah ya shirye ka. Wa zai rubuta haka a kan allon ma'aikata?

Tawa ita ce zirga-zirgar ƙafa da keke. Ba ta da ado, amma kowa ya ji ya san da wa ake. Tana da wata riba kuma. Turawan, bayan tafiyar ƙafa da hawan keke, sai da suka ƙara kalma ta uku a bayaninsu don kada a manta da masu keken guragu. Mu kalmar keke ɗaya ta ɗebe mana duka.

Dubi yadda take zama a jimla. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht da ke ƙasar Holan, an kammala ma'ajiyar kekuna a 2019, hawa uku, tana cin keke 12,500. A kan kekenka za ka shiga har ciki, ka kafe shi, ka hau bene sai ga ka a tasha, kuma awa 24 na farko kyauta ne. Sai mu ce: sun haɗa zirga-zirgar ƙafa da keke da layin dogo. Jirgin Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, ka ga wannan jimlar ce za a iya ɗauka a tambayi hukuma da ita, yadda fasinjan da ya sauka Rigasa bayan magariba zai taka cikin haske da aminci har ya kai bakin babban titi.

Yaya, gyaranka ya shiga: yanzu in an ce keke, wasu Napep za su ji. Gaskiya ne. To a farkon rubutu a ce "keken hawa" sau ɗaya, sauran wuraren a bar shi keke. A Kano ma ba za a rikice ba, mai ƙafa ukun sunansa A daidaita sahu.

In babu mai ja, mun tsaya a nan: zirga-zirgar ƙafa da keke, gefen titin da aka ware wa mutane hanyar ƙafa, na kekuna layin keke. Saura mahaɗar titi da layin dogo, inda ake sauke shinge in jirgi zai wuce. Na ji masu cewa "mararrabar dogo". 'Yan Zariya da Kafanchan, ku da kuka tashi da ƙarar jirgi, me kuke kiran wurin?