An cire yayata daga tallafin gwamnati wai ta samu aiki

Ƙanin mai takaba: Salam jama'a, dan Allah ku bari in amayar da abin da ke cina. Yayata mijinta ya rasu ya bar mata yara 4, shekara 2 tana karɓar tallafin kuɗi na gwamnati, da ta samu ɗan aikin shara a wani ofis sai suka cire sunanta wai ta tsaya da ƙafarta. Wlh yanzu ta fi da shan wuya, kuɗin mota da na mai riƙe mata autan sun cinye albashin, babbar 'yar ma ta daina zuwa makaranta tana raino. Ni dai na ce duk gidan da aka yanke wa wannan sadakar baya yake komawa.

Uwar marayu: Allah ya kawo mata mafita. Amma ɗan'uwa gyara bakinka, wace sadaka? Haƙƙinta ne, kuɗin harajin mutane ne, ba daga aljihun wani ya fito ba.

Baba Alhaji: To in ba sadaka ba mene ne? Abin da aka ba ka ba ka yi gumi a kai ba ai sadaka sunansa ko gwamnati ce ta bayar, kuma babu abin kunya a ciki.

Uwar marayu: Akwai mana Baba. Mai karɓar sadaka godiya kawai zai yi ya tafi, ba shi da bakin tambaya in an hana shi, mai haƙƙi kuwa sai an faɗa masa dalili. Ni na tsaya layin nan da goyo a baya na san yadda ake kallonmu.

Malamin lissafi: Ku dawo kan maganar mana. An yi irin wannan a Amurka, a 1996 shugaban ƙasar Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce wata 60 kacal mutum zai karɓi tallafin kuɗi na tarayya da ake ba iyalai masu yara a rayuwarsa kuma sai da sharaɗin aiki. Cikin 'yan shekaru masu karɓa suka ragu da fiye da rabi, da aka bi sawun waɗanda suka fita kusan 6 cikin 10 na aiki amma albashin ƙanƙani ne, da yawa ba su fita daga talauci ba, wasu ma sun sake komawa layi. Ka ga ba kowa ne ya koma baya ba kamar yadda ka ce, amma fita daga rajista daban, fita daga talauci daban.

Mai ɗinki: Kun ji ko, 6 cikin 10. Da an ci gaba da ba su sadakar suna nan kwance.

Uwar marayu: Kai ma sadaka? Kwance kuma? Uwa mai yara 4 yaushe ta ga ta kwanciya?

Baba Alhaji: Yarinya ki rage zafi, a haife na haife ki.

Uwar marayu: Baba da girmanka, jika gare ni fa, kar ka sake ce min yarinya.

Mai ɗinki: Daman ita kullum haka take, ko wancan satin da ake maganar kuɗin makaranta ita ta watsa zancen.

Malamin lissafi: Ƙungiyar BRAC mai yaƙi da talauci a Bangaladash tun 2002 ba ta sakin mutum haka kawai, saniya ko awaki take ba mace da ɗan kuɗin cefane da horo kusan shekara 2 kafin a yaye ta. Wa ya karanta abin da na rubuta a sama ma?

Uwar marayu: Malam ka fara faɗa musu ba sadaka ba ce tukuna.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda tallafi taimako ne na ɗan lokaci, kuma Malam ya kawo hujja cewa in an cire mutane suna tashi su nemi na kansu, kamar yadda Baba Alhaji ya nuna tun farko. A riƙa girmama manya dan Allah.

Malamin lissafi: Ba haka na ce ba fa Admin, rabin maganata ka ɗauka.

Ƙanin mai takaba: Ni dai ko akwai wanda ya san yadda ake ɗaukaka ƙara a mayar da sunanta? Yarinyar nan sati 3 ke nan ba ta je aji ba.