Da an bar wa coci makarantunta, da tarbiyya ba ta lalace haka ba?

Malam Ishaya: Ni dai ina kan bakana. Tun da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970 tarbiyya ta fara zubewa. St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena. Ba sauya suna ne ya dame ni ba. Abin da aka rasa shi ne malamin da ke kwana cikin makaranta, ya san kowane yaro da sunansa, ya tashe shi ibadar safe, ya bi ɗaki ya ga ko an gyara gado. A 2011 Peter Obi ya mayar wa coci-coci makarantu sama da dubu a Anambra, me ya hana mu?

Maman Rahila: Malam, a mayar wa wa? Je ka tambayi kuɗin zango a makarantun da coci ke riƙe da su yanzu. Da baikonmu aka gina su, mu Zumuntar Mata muka ɗauko yashi da ruwa a ka, amma 'ya'yanmu ba sa iya shiga. Tarbiyyar ta masu hali ce kaɗai?

Yakubu: Mama ta taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Na koyar a wata makarantar coci. Yara sun haddace Dokoki Goma, da safe a yi addu'a, ranar jarrabawa kuma iyaye su haɗa kuɗi don mai sa ido ya kau da kai. Yaro ya fi kallon abin da muke yi.

Malam Ishaya: Wannan laifin shugabanni ne, Yakubu, ba na koyarwar ba.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri in sa baki. Musulmi da yawa a Kano sun kai 'ya'yansu mata St. Louis, makarantar 'yan Katolika, saboda horo da kiyaye lokaci. Amma in aka mayar wa coci makarantar gwamnati da yau kowa ke shiga, ɗan talakan unguwar ina zai nufa?

Yakubu: To Malam Ishaya, in shugabannin ne matsalar, su za a miƙa wa makullan ai.

Maman Rahila: A fara rage wa 'ya'yan membobi kuɗin makaranta, Malam. Ranar nan ni da kaina zan sa hannu a takardar neman Kufena.